Sunan Ɗan Fari a Rediyo

Ranar wata Juma'a da hantsi, ranar da ba a zuwa gona, aka sa muryar Juwairiyya a rediyo. Maza na zaune gindin dogon yaro a ƙofar masallaci, mata na cikin gidaje suna daka, kuma kusan kowa a ɗan ƙauyen nan da ke tsakanin Horo Birni da Lambara tasha ɗaya ya kama, don a ranar ake shirin da talakawa ke faɗin kokensu. Ba a ambaci sunanta ba. Amma a garin da in ka yi tari cikin ɗaki maƙwabci ya san kai ne, ɓoye suna wahalar banza ce.

Ba ta faɗi abin da ba a sani ba. Ta ce fanfon sola da aka kafa musu gab da zaɓe ya mutu tun kafin damina ta sauka, suka koma shan tafkin da shanu ke sha. Ta ce amai da gudawa ya shigo gari. Ta ce ranar da ciwon ya kama ɗanta, an ruga da shi ɗakin shan magani aka tarar da kwaɗo a ƙofa. Fenti sabo fil, amma malamin asibitin rabon da a gan shi tun ranar da aka buɗe wurin aka yi hotuna. Yaron ya cika kafin a samo abin hawa. Sai mai tambayar, wata Safinatu 'yar Bodinga da ke zaga ƙauyuka da waya tana ɗaukar koken mutane, ta ce mata yaya sunan yaron. Aka ji shiru a rediyon har wasu suka ɗauka batir ne ya yi sanyi. Sannan muryar ta dawo.

"Sunanai Khalid. Shekara shida garai."

Duk tsawon shekarun nan bakin Juwairiyya bai taɓa kama wannan suna ba. Ɗan fari ne, kuma a gidan da ake ji da kunya uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara ɗaga shi ba. Ɗan Inna take ce masa, don tun da aka yaye shi a ɗakin surukarta Inna Aminatu yake kwana. Ko ranar da aka fita da shi, bayan rumbu ta zaga ta toshe baki da gefen zane, don kada a ce ta yi kukan ɗan fari. Ita kanta ba ta san yadda sunan ya kuɓuce mata ba. Safinatu ta shigo gaisuwar rasuwa kamar kowace mace, ta zauna kusa da ita, ta tambaye ta abin da ya faru, ta nemi izinin ɗauka. Tun da yaron ya rasu ba wanda ya tambayi Juwairiyya komai, sai haƙuri ake ta ba ta. Don haka ta ce to.

Akwai abubuwan da kowa a gidan ya sani. Yahaya, wan mijinta, shi ne mai gadin ɗakin shan maganin, mabuɗin kwaɗon nan a aljihunsa yake kwana, kuma kansila ne ya ba shi aikin. Malam Mainasara, surukinta, shi ke tara wa kansila mutanen garin in zaɓe ya zo. Ga gero ya kai a sa masa taki, ga rabon takin gwamnati ya gabato, kuma ta hannun kansila yake biyowa. Amma da aka tashi yi mata shari'a bayan la'asar, ba wanda ya ambaci taki, ko gadi, ko kansila. Manyan gida ba su rasa riga mai kyau da za su sa wa tsoronsu.

Ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa. Malam Mainasara bai ko dubi wajenta ba, da ɗansa yake magana.

"Ɗanladi, matakka ta kama sunan ɗan hwari. Ba cikin ɗaki ba, ba tsakar gida ba, cikin rediyo, Sakkwato dut ta jiya. Wagga ɗiya gidan wa anka rene ta?"

Ɗanladi ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne; shi ya saɓi yaron a kafaɗa ranar nan, shi ya dinga dukan ƙofar ɗakin shan magani har hannunsa ya fashe. Sai dai gandun ubansa yake noma. Gonar ta Malam ce, rumbun na Malam ne, ɗakin da suke kwana ma Malam ya yi masa. Mutumin da ko garmarsa ba tasa ba ce, bakinsa ma da wuya ya zama nasa.

Juwairiyya ta yi ƙarfin hali ta ce, a hankali, "Baba, abin da nic ce, akwai ƙarya ciki?"

"Ba zancen ƙarya akai ba," in ji shi, "zancen kunya akai."

A ranar aka karɓe 'yar wayarta, aka ɗauke rediyon ɗakinsu. Washegari ta kai wa Inna Aminatu tuwo, aka dawo da shi yadda ta kai shi, ko marfin ba a ɗaga ba. Ta je gaishe ta, tsohuwar ta juya fuska ga bango. Wannan ya fi komai ci wa Juwairiyya rai, don ta san Inna ba taki ne gabanta ba. Ita ta goyi yaron, ita ta yi masa wanka na ƙarshe da ransa, kuma har yanzu 'yar rigarsa na rataye a ɗakinta. A ganin tsohuwar, yaron nata ne, kukansa nata ne, sunansa ma nata ne, ga shi wadda ba ta da ikon kiransa ta kwashe shi ta kai kasuwa. Mata biyu ciwo ɗaya ke cinsu a gida ɗaya, amma an samu yadda aka sa suka juya wa juna baya.

Gari ma bai bar ta ba. Liman ya yi nasiha bayan sallah kan haƙuri da ƙaddara, da matan da ke ɗaga murya a gaban maza. Bai kama suna ba, shi ma ya san ba sai ya kama ba. Mai gari ya sa aka faɗa cewa duk gidan da ya sake barin 'yar Bodingan nan ta shiga, shi da shi ne. Kansila kuwa ya je rediyo da kansa, ya ce ba wata annoba a mazaɓarsa, zazzaɓin damina ne da ake yi kowace shekara, 'yan adawa ne suka sayi bakin wata mata. Duk da haka masu shirin suka ce ma'aikatan lafiya daga Sakkwato sun yi alkawarin zuwa su gani da idonsu, su duba ruwan da fanfon. Zulaihatu maƙwabciyarta, wadda ita ma ta binne 'yarta a satin da aka binne Khalid, ita ta leƙo ta kan darni ta raɗa mata wannan labari, ta ƙara da cewa Allah ya saka mata da alheri, ta faɗi abin da ke cikin kowa. Da ta ji motsin Inna sai ta nutse kamar ba ita ba.

Sai aka yi rabon taki. Aka ba garuruwan gabas, aka ba na yamma, aka tsallake nasu. Ba wanda ya ce ga dalili, ba wanda ya tambaya. Maza suka dinga zuwa zauren Malam Mainasara suna zama suna jan tsaki, suna zancen yadda gero ya soma ja. Daga ranar Zulaihatu ba ta ƙara leƙowa ba. Aka laƙa wa Juwairiyya suna, Mai Rediyo, har matan da suka zo gidan suna gaisuwa kan tsallake ƙofarta.

Ruwa kuwa yana nan yadda yake. Kullum Ɗanladi kan ɗebo shi daga tafki a jarkoki bisa jaki, launinsa kamar ruwan wankin gero. In ta samu kara busasshe ta tafasa na shan Basira, 'yar da ta rage mata, mai shekara uku. Amma damina ce, itace a jiƙe yake, kuma yaro ba a tsare shi da igiya. Duk randar da ta gani za ta tsoma moɗa.

Wata safiya Basira ta tashi da amai. Kafin rana ta ɗaga gudawa ta biyo, fara sol, irin wadda Juwairiyya ba za ta taɓa mantawa ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, don wancan karon ba ta san inda hanyar ke zuwa ba, wannan karon ta sani. Ta dama ruwan gishiri da sukari tana ɗura mata da cokali, yana shiga yana dawowa. Ta riƙe rigar Ɗanladi ta ce don girman Allah su tafi Shagari yanzu, tun yarinyar na iya ɗaga kai.

Ya fita a guje neman ɗan kabu-kabu. Baburan garin kusan duka rabon kansila ne, kuma samarin sun san gidan da ya zo daga ciki. Wannan ya ce ba mai, wancan ya ce taya ta yi faci, na uku ya ce ruwan jiya ya yanke hanya, alhali da safen nan ya dawo daga Lambara da buhun gishiri. Ɗanladi ya dawo wurin ubansa ya tsuguna. Malam Mainasara ya ce a asibiti abin da za a fara tambaya shi ne daga wane gari, kuma in aka ji amai da gudawa daga garinsu, daga gidansa ma, kansila zai ce da gayya suka yi don su ƙaryata shi. A dai yi na gida tukuna, Allah ke warkarwa. Inna Aminatu ta fito da sauri ta jiƙa bagaruwa da sabara, tana cewa ciwon shawara ne kawai, shawara ce, kamar in ta faɗa da yawa zai zama hakan. Yahaya ya ce shi ga mabuɗi in ana so, amma ciki ba komai sai jemagu.

Zuwa azahar idon Basira ya faɗa ciki. Ta daina kuka. In aka ja fatar cikinta sai ta tsaya a tattare. Juwairiyya ta ɗauke ta ta goya, ta ja mayafi, ta nufi zaure. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ƙetare zauren nan ba sai da izini. Malam Mainasara na zaune a bakin ƙofa bisa buzu, carbi a hannu.

"Ina za ki?"

"Shagari, Baba. Ko da ƙasa na, in tahi."

"To ki jiya da kyau. In kin ƙetare wanga zaure, kin ƙetare da aurenki. Kuma ke ɗai za ki tahi. Ɗiyag ga ta gidan ga ta, sai ki sauke muna abinmu."

Ta juya ta dubi Ɗanladi. Yana tsaye jikin bango yana hawaye kamar mace, amma ƙafarsa ba ta motsa ba. Ta ji numfashin yarinyar a bayanta, gajere-gajere. Ko an bar ta ta wuce, ta san da ƙafa ba za ta kai da ita da rai ba.

Yahaya ne ya kawo mafita, kuma yadda ya kawo ta a shirye, da gani ba a ranar aka ƙulla ta ba. Ya ce Honarabul mutum ne mai tausayi, mota gare shi, kuma in aka kira shi yanzu zai turo ta. Abu ɗaya kawai yake so: wadda ta ɓata ta gyara da bakinta.

Motar da ba a samu ba ranar Khalid, motar da ba a samu ba tun safe, sai ga ta ta iso kafin a kira la'asar, hanyar da ruwa ya yanke ba ta hana ta ba. Tare da direban akwai mai yi wa kansila harkar yaɗa labarai, hularsa a karkace, waya biyu a hannu. Aka kwance Basira daga bayan uwarta aka ɗora a cinyar Inna. Aka zaunar da Juwairiyya a zaure, ya karanta mata abin da za ta ce, ya kara mata wayar a baki.

Ta fara, muryarta ta karye. Ya tsayar, ya ce in aka ji kuka za a ce tilasta ta aka yi, ta saki murya. Ta sake, ta manta wajen fanfo. Ya tsayar. Daga tsakar gida ta ji Basira na yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, ta ji Inna na salati. Mai hular ya ce ta kwantar da hankalinta, ba sauri ake ba. A nan ne wani abu ya mutu a cikin Juwairiyya, kuma da ya mutu sai muryarta ta fito sumul, ba rawa ba gargada.

"Ni ta matar da kunka ji kwanan baya. Baƙin ciki ya ruɗe ni, anka hwaɗa min abin da zan ce, nic ce. Yaron shawara tak kashe shi, kwana nai ya ƙare. Asibitinmu buɗe shike, hwamhonmu na aiki. Ina roƙon Honarabul gahwara, da mutanen garinmu."

Malam Mainasara ya gyaɗa kai, ya dube ta karo na farko tun ranar Juma'ar nan. Ba ƙaryar ce ta faranta masa rai ba, kalma ɗaya ce.

"Yawwa. Yaron. Haka ɗiyan mutunci ka magana."

A asibiti a Shagari ma'aikatan ba su tsaya wata-wata ba. Da ƙyar aka samu jijiya a hannun yarinyar aka sa ƙarin ruwa. Wata nas ta yi wa Juwairiyya faɗa sosai, ta ce wace irin uwa ce za ta zauna da yarinya har ta kai haka, da an ƙara jinkiri kaɗan sai dai wani zance. Juwairiyya ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri. Da aka tambayi garinsu, direban kansila ne ya amsa, ya faɗi sunan wani gari can wajen Dandin Mahe.

Washegari da rana Basira ta buɗe ido ta ce tana son fura. Juwairiyya ta kifa fuska a katifar ta yi kuka mai sauti, kukan da ba wanda zai hana ta, don wannan ba ɗiyar fari ba ce. Daɗi ta ji har cikin ƙashinta, kuma ba ta yi nadamar abin da ta saya da bakinta ba. Da za a sake kara mata wayar, da ta sake faɗi.

Ɗanladi ya zo da kwanon fura da 'yan kayan sawa. Ya daɗe tsaye yana kallon 'yarsa. Da zai tafi, yana duban ƙasa, ya ce taki ya iso garinsu da safen nan, har gida aka kawo wa Malam nasa. Ya ce Inna na gaishe ta.

Haka abin yake a irin garuruwanmu. Ba sai gwamnati ta turo ɗan sanda ta rufe bakin kowa ba. Tana da suruki a kowane zaure, tana da mai gadi a kowane gida, tana da babur a kowace kwana, kuma duk 'yan uwanka ne, tare kuke sallah. Talakan da ya ce zai tambayi hakkinsa, kafin muryarsa ta kai sakatariya sai ta bi ta gaban wanda ke ba shi hatsi. Kuma waɗanda suka danne shi ba ƙoshi suka yi ba, su ma ruwan tafkin suke sha.

Ɗakin da aka kwantar da su cike yake, kuma rabin masu jinyar daga yankinsu suke. A gadon da ke kusa akwai wata dattijuwa daga wata tunga da ke shan tafki ɗaya da su, tana jinyar jikanta wanda tun da aka kawo shi bai motsa ba. Ita ta ba Juwairiyya tabarma, ita ke riƙe mata Basira in za ta yi sallah. Da rana ta take, wata ta kunna rediyo a wayarta don a ji labarai. Mutanen kansila ba su jira Juma'a ba. Muryar ta cika ɗakin, sumul, tana cewa asibitinmu buɗe shike, hwamhonmu na aiki. Bayanta mai labarai ya ce tunda mai koken ta janye, ma'aikatan da za su zo daga Sakkwato sun ɗage tafiyar, kuma an gargaɗi masu yawo da waya su daina ruɗin matan ƙauye.

Dattijuwar ta ajiye mahucin da take yi wa jikanta fifita. Ta ce tun ranar da ta ji matar nan da farko take mata addu'a, ta ce wa mutanen tungarsu ga wadda Allah ya ba zuciya, yanzu za a zo a gyara fanfo. Ashe 'yar kasuwa ce, ta sayar da gawar ɗanta ta sayar da nasu. Ta ɗaga hannu biyu.

"Allah shi isam muna tsakaninmu da wagga mata. Yadda tas sa munka ci gaba da shan wanga ruwa, Allah shi hana mata kwanciyar rai, duniya da lahira."

Matan ɗakin suka amsa da amin, gado bayan gado. Dattijuwar ta juyo wajen maƙwabciyarta da idonta jajir, tana jira.

"Amin, Inna," in ji Juwairiyya.

Ta miƙa hannu ta gyara wa Basira kwanciya, don kada allurar ta goce.